Gyare-gyaren Maura

Rilwanu ya fara aiki a gidan Mista Kirwan a watan Afrilun 2011, wata biyu bayan ya raka matarsa Khairat da 'ya'yansu biyu filin jirgi. Lokacin Alƙahira ta rikice, an rufe makarantu, tankokin soja na tsaye a mararraba, duk ɗalibin da ke da iyali yana neman hanyar fitar da su. Ya ce mata ta je Funtuwa ta jira shi, risalarsa ta digiri na biyu saura babi ɗaya, kafin babbar salla zai biyo su. Tana da ciki wata uku a lokacin. Da ya dawo daga rakiyar sai gidan da suke haya a Hay el-Sabi' ya yi masa girma, ya sake shi, ya koma wani ɗaki a unguwar Faisal, hawa na shida, inda babu wanda ya san sunansa.

Wani direba ɗan Nijar, Hassumi, shi ya yi masa hanyar aikin. Ya ce akwai wani tsohon Bature a Mohandessin da idonsa ya mutu, yana neman mai iya karanta masa Turanci. Rilwanu kuwa kafin ya zo Masar ya koyar da Turanci a firamare shekara huɗu.

Mai gadin benen, wani dattijo mutumin Aswan da ake kira Ammu Husaini, shi ya hau da shi hawa na uku. Falon yana da duhu, tagogin a rufe rabi da rabi. Bango cike da hotunan jiragen ruwa, manya, masu launin toka. Hoton mutum guda ɗaya ne, wata mata mai tabarau tana dariya. Tsohon na zaune a kujera sanye da kwat duk da zafin da ake yi, dogo ne wanda tsufa ya lanƙwasa, shekarunsa tamanin da biyu. Ya miƙa jarida ta inda ya ji motsi.

"Karanta mini ko ina ne."

Rilwanu ya karanta sakin layi biyu.

"Kana karatu kamar limami," in ji tsohon.

"Kusan aikin nawa ke nan, yallaɓai."

"To ya yi. Waɗanda suka zo kafin kai duk sauri suke yi, kamar ana korarsu."

Sau uku ya gwada faɗar sunan Rilwanu, harshensa ya ƙi. Daga ƙarshe ya ɗauki abin da ya ji Hassumi yana kiransa da shi, Malam. Haka suka zauna, shi yallaɓai, shi kuma Malam.

Asabar, Litinin da Laraba, daga tara na safe zuwa azahar. Rilwanu ya hau ƙaramar bas daga Faisal zuwa Giza, ya sake wata zuwa Mohandessin. Da farko jarida ce kawai, da takardun magani, da wasiƙun ofis da ke zuwa jefi-jefi. Babu mai kiran wayar gidan. Wata mata na zuwa ranar Alhamis ta yi shara ta dafa abincin mako ta zuba a firij, Ammu Husaini na hawo da burodi da safe. Ban da su biyun sai Rilwanu.

A wata na uku tsohon ya ce a sayo littafin rubutu mai kauri.

"Zan faɗa, ka rubuta. Kada ka gyara mini Turanci, ko ka ji ya karkace."

Ta haka Rilwanu ya san ko wane ne yake yi wa aiki. Sunansa Fintan Kirwan. An haife shi a wani ƙauyen masunta a gaɓar yammacin Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, inda mutane ba su manta da abin da mulkin Ingilishi ya yi musu ba. Ubansa masunci ne. Wani fada a cocin ƙauyen ya ga yaron yana da kai, ya tsaya masa ya yi karatu. Yana ɗan shekara sha tara ya ƙetara Ingila neman aiki, ya samu na akawu a wata tashar gyaran jiragen ruwa. Daga nan ƙungiyar ma'aikata ta ja shi, bakinsa ya yi kaifi a taro, aka wayi gari mutanen garin sun zaɓe shi ɗan majalisa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a majalisar, huɗu daga ciki yana ƙaramin minista mai kula da harkokin sojojin ruwa.

"Kada ka ɗauka yaƙi na yi," ya ce. "Takalma na saya. Burodi, da mai, da ƙusa, da barguna. In jirgi ya dawo da rami a ciki, ni ke neman inda za a liƙe shi. In soja bai dawo ba, ni ke neman inda matarsa za ta zauna. Sau uku tak na taɓa hawa jirgin yaƙi, sau ukun kuma sai da aka riƙe mini bokiti ina amai. Ɗan masunci, ka ji."

A Ingila ba su taɓa daina ce masa ɗan Ailan ɗin nan ba, ko a gaban idonsa. A ƙauyensu kuwa cewa ake yi ya sayar da kansa, ya je yana yi wa jiragen Ingilishi hidima. Kujerarsa ta majalisa ta tafi ne shekarar da ya sa hannu aka rufe tashar gyaran da ya fara aiki a cikinta. Har yanzu yana cewa lissafin daidai ne, tashar ta riga ta mutu. Amma mutanen da suka ɗauke shi a kafaɗa ranar zaɓe su ne suka riƙa tsallaka titi in sun hango shi. Matar da ke cikin hoton, Samira, likitar haƙori ce 'yar Masar da ya haɗu da ita a Landan bayan faɗuwarsa. Ita ta kawo shi Alƙahira. Ba su haihu ba, ta kuma rasu shekara biyar kafin zuwan Rilwanu.

Da suka gama babin farko, na yarinta, ya ce a buga shi a inji a sa a ambulan. Ya karanto adireshi da ka, bai yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba.

"Wace ce Maura, yallaɓai?"

"Yayata. Ta girme ni da shekara huɗu. Rabon da ta yi mini magana tun 1969."

Rilwanu ya rubuta adireshin a kan ambulan. Ya kai gidan waya ya aika.

Mako bakwai babu labari. Ranar wata Litinin Ammu Husaini ya tare shi a ƙofa da ƙaramar ambulan mai kan sarkin wata ƙasa, yana murmushi kamar shi aka aiko wa. Takarda ɗaya ce a ciki, rubutun hannu mai rawa. Babu gaisuwa, babu ya kake. Rilwanu ya karanta:

"Kwale-kwalen Baba kore ne, ba shuɗi ba. Karen kuma ba naka ba ne, na maƙwabta ne, bin ka kawai yake yi don kana sato masa kifi. M."

Tsohon ya ce a sake karantawa. A karo na huɗu ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, sai da Rilwanu ya ɗebo masa ruwa.

"Kore ne," ya ce yana goge ido. "Wallahi kore ne, kamar yadda kuke cewa. Shekara saba'in ina ganinsa shuɗi."

Babi na biyu ya tafi, amsa ta zo da gyara uku. A babi na uku ne Rilwanu ya lura da wani abu. Tsohon ya faɗi cewa mahaifiyarsu gajera ce, alhali makon da ya wuce ya ce sai ta sunkuya take shiga ƙofar kicin. Rilwanu ya ajiye biro.

"Yallaɓai, ka ce doguwa ce."

"Doguwa ce. Rubuta gajera."

"Ban gane ba."

"In babu kuskure me za ta rubuto? Maura ba ta san gaisuwa ba, gyara ta sani."

Rilwanu ya daɗe yana kallon takardar. Risalar da yake fama da ita shekara da shekaru a kan maruwaita hadisi take, mutanen da malamai suka jefar da ruwayarsu kaf saboda an kama su da ƙarya guda ɗaya. Ya gaya wa tsohon haka, ya ce hannunsa ba zai iya rubuta abin da ya san ba haka yake ba sannan a kira shi tarihi.

Kirwan ya jinjina kai. Bai yi fushi ba, sai ma ya gyara zama kamar wanda ya samu abokin ciniki a majalisa.

"To mu raba. Littafin da ke hannunka, rubuta gaskiya zalla. Wanda za a buga a aika, wannan wasiƙa ce tsakanin ƙane da yayarsa, kuma ta san ni sarai. Kana tsammanin ba ta gane ba?"

Rilwanu ya yi tunani a hanya, ya yi a ɗaki. Ranar Laraba ya zo da biro biyu, baƙi na littafi, ja na yi wa wuraren da za a karkatar alama.

Haka shekarar 2012 ta tafi. Wasiƙu tara Maura ta aiko. Yawancinsu layi biyu ne ko uku. Sau ɗaya ta zarce har bayan takarda, tana gyara yadda mahaifiyarsu ke sa wa kifi gishiri, daga nan ta shiga labarin wata shekara da guguwa ta kwashe rufin gidan suka kwana uku a coci, ta manta ma gyara take yi. Sau ɗaya kuma ta rufe da cewa, "Har yanzu wawa ne kai." Wannan ita ce tsohon ya sa a aljihun kwat ɗinsa, ta zauna a can har ta yi laushi.

Shi kuwa Rilwanu, babbar salla ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Malamin da ke duba risalarsa ya samu aiki a wata ƙasar Larabawa ya tafi, wanda aka ba shi a madadinsa ya ce sai an sake tsarin babi uku. Khairat ta haifi mace, a waya ya ji hayaniyar suna, aka sa mata Nana Fatima. Ranar Juma'a yake kiran gida bayan an sauko daga masallaci. Da farko sukan yi rabin awa. Daga baya abin ya koma gaisuwa, da lafiyar yara, da tambayar da ba ta taɓa fasawa ba, yaushe. Yakan ce saura kaɗan. Ya daina zuwa Hay el-Sabi' wajen 'yan'uwa ɗalibai, don waɗanda ya tarba a filin jirgi da hannunsa sun gama sun koma, sababbin kuma da girmamawa suke tambayarsa ranar kare risala, girmamawar ta fi zagi ciwo. Da safe ya ci wake da burodi a tsaye a bakin titi, da yamma ya hau hawa shida ya rufe ƙofa. Akan yi mako bai furta kalmar Hausa ba sai ranar Juma'a.

Wata rana yana haɗa takardu zai tafi, tsohon ya ce, "Malam, in ka bar nan ina kake zuwa?"

"Ɗaki, yallaɓai."

"Wa ke can?"

"Littattafai."

"Haka nake tsammani. Wanda ake jira a gida ba ya wanke kofi sau biyu kafin ya fita."

Rilwanu ya yi 'yar dariya ya ce sai Litinin.

A farkon 2013 suka iso shekarar 1969. Tsohon ya yi kwana biyu yana kewaye-kewaye, yau ya ce a karanta jarida, gobe ya ce kansa na ciwo. Rana ta uku ya zauna sosai, ya ɗora hannuwa kan gwiwa, ya faɗa tiryan-tiryan ba tare da tsayawa ba.

A watan Nuwamba na shekarar, wayar tangaraho ta same shi a ofis daga Maura, cewa Mama na kan gargara, ya zo. A makon ne za a kaɗa ƙuri'a kan wata doka da ya yi shekara biyu yana turawa, wadda za ta hana a fitar da matan sojojin ruwa daga gidajen gwamnati da zarar mazajensu sun mutu. Ƙuri'un sun yi kankankan, tasa na iya raba gardama. Ya ce wa kansa kwana biyu ne kawai, tsohuwar mai ƙarfi ce. Dokar ta wuce. Ya kama jirgin ƙasa, ya kama na ruwa, ya kama mota, ya isa ƙauyen washegarin binne ta. Maura ce ta buɗe ƙofa. Ta kalle shi, ta kalli jakarsa, ta ce masa sau uku Mama ta tambaya ko motar da ta ji ta tsaya tasa ce. Sannan ta mayar da ƙofar ta rufe. Ya je makabarta shi kaɗai, ya kwana a ɗakin baƙi na wani shago, da safe ya koma. Bai sake taka tsibirin ba.

"Kuma ka rubuta wannan," ya ce. "Ba don matan sojojin kaɗai na tsaya ba. Ina son a ga ni na ci. Na san haka tun a ranar."

Rilwanu ya rubuta. Da ya gama ya ɗauki jan biro.

"Ina za mu sa kuskuren?"

"Babu."

"In babu, ba za ta amsa ba."

"Na sani. Aika haka nan."

Fabrairu ya wuce, Maris, Afrilu. Duk ranar aiki, kafin Rilwanu ya cire takalmi, tambayar na jiransa: ko Husaini ya ba ka wani abu? Sun ci gaba da wasu babobin, amma tsohon ya hana a aika ko ɗaya. A tsakiyar Yuni wasiƙa ta zo, ambulan doguwa, rubutun hannun ba na Maura ba ne. Rilwanu ya tsaya a kan matakala ya juya ta sau biyu, sannan ya hau bai buɗe ba.

Daga 'yar Maura ce, sunanta Orla. Ta ce mahaifiyarta ta rasu ranar sha ɗaya ga Mayu, bayan jinyar wata uku. Ta ce ita ba ta ma san tana da kawu a raye ba sai da ambulan-ambulan suka fara zuwa daga Masar, kuma duk ranar da ɗaya ta zo tsohuwar kan yini tana mita tana neman tabaranta. Babin ƙarshe a asibiti ya same ta. Orla ce ta karanta mata, ta ce a sake, aka sake. Sai ta miƙa hannu a ba ta biro kamar yadda ta saba. Ta riƙe shi ta daɗe, sannan ta mayar, ta ce, "Babu gyara." Orla ta ce ta tambaye ta ko akwai saƙon da za a rubuta, ta juya fuska bango. Ta ce ba ta san yadda zai ɗauki wannan ba, ita dai ta ga ya kamata ya ji yadda aka yi.

Rilwanu ya ninke takardar. Fanka na juyawa, a ƙasa wani mai sayar da tukunyar gas na buga ƙarfe. Tsohon bai ce a sake karantawa ba.

Can ya ce, "Malam, a garinku me ake ce wa wanda aka yi wa rasuwa?"

"Tambayarsa ake yi, yallaɓai. A ce masa, yaya haƙuri."

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya ce da godiya."

"Faɗa mini da harshenku."

Rilwanu ya matso da kujerarsa, ya ce da Hausa, "Yaya haƙuri?"

Tsohon ya gwada amsar, ta fito a karkace. Ya sake, ta ɗan daidaita. Sannan ya ce a haɗa shayi, su sha tare, yau babu rubutu.

Bayan wannan ya rage magana. Kwat ɗin ma wani lokaci ba ya sawa. Gari kuma ya sake ɗaukar zafi, zanga-zanga ta ko'ina, har aka kai tsakiyar Agusta, ranar da harbi ya tashi tun safe aka rufe hanyoyi aka sa dokar hana fita. Hanyar da Rilwanu ke bi ta Giza na cikin inda abin ya fi muni. Ana ta aiko wa baƙi saƙo cewa kowa ya zauna inda yake. Ya kira wayar gidan ranar farko, tsohon ya ɗauka ya ce lafiya lau, kada ya kuskura ya fito. Rana ta biyu da ta uku ma haka. Rana ta huɗu wayar ta yi ta ƙara babu amsa. Ya kira Ammu Husaini, sai ya ji ashe yana Aswan, ya je ƙaramar salla gida, an dakatar da jiragen ƙasa ya kasa dawowa. Mai sharar ma ba ta zo ba.

Rana ta biyar ya yi ta kira har la'asar, yana ce wa kansa wataƙila layin ne. Rana ta shida, da aka idar da asuba gari ya waye, ya sa takardunsa a aljihu ya kama hanya da ƙafa. Sau biyu aka tsayar da shi a shinge aka duba fasfo. Awa biyu da rabi ya yi kafin ya isa. Yana da mabuɗi.

A ƙasan kicin ya same shi, jingine da ƙofar firij. Santsi ya kwashe shi shekaranjiya, ƙugu ya karye. Ya ja jiki ya buɗe firij ɗin, ruwan gora da ke ƙasa shi ya riƙe shi. Leɓunansa sun tsage.

"Malam ne?"

"Ni ne, yallaɓai. Ka yafe mini, da jiya na zo."

"Ma'alish," in ji tsohon, wato ba komai, da ɗan Larabcin da ya tsinta a shekara talatin. "Ina jin wayar tana ta kuka. Na san kai ne. Ya ɗebe mini kewa."

Mako uku ya yi a asibiti, ya dawo gida a keken guragu. Daga nan Rilwanu ya daina ƙirga ranakun aiki, kullum yake zuwa. Ya koyi ɗaga shi, da yi masa aski, da dama masa abin da zai iya haɗiya. In azahar ta yi sai ya shimfiɗa darduma a gefen falo, tsohon ya kashe rediyo da kansa har ya idar. Sun ɗan taɓa littafin. Suka zo ranar da jirgi ya sauke shi da Samira a Alƙahira, da yadda zafi ya mare shi a bakin ƙofar jirgin, sai ya ce a tsaya nan.

"Saura shekara talatin, yallaɓai."

"Waɗannan na ji daɗinsu. Ba su da labari."

Ya rasu ranar wata Talata a watan Fabrairun 2014, da hantsi, Rilwanu na karanta masa jarida. Sai da ya kai ƙarshen shafi ya ɗaga kai ya gane.

A wata makabartar Kirista da ke tsohuwar Alƙahira aka binne shi, kusa da Samira. Mutum biyar ne: fada, wata ma'aikaciya daga ofishin jakadanci, wani ɗan'uwan Samira da Rilwanu bai taɓa gani ba, sai Ammu Husaini da shi. Su biyun suka tsaya daga baya kaɗan, hannuwa a harɗe. Fadan ya tambaya ko akwai mai son cewa wani abu game da mamacin. Aka kalli juna. Rilwanu ya ji maganganu sun cika masa baki, ƙauyen, da tashar, da dokar da har yau wasu mata ke zaune a gidajensu saboda ita ba su san sunansa ba. Amma bai san ta inda bare irinsa zai fara ba, kafin ya yanke shawara fadan ya rufe littafinsa.

Dangin Samira suka zo kwashe kaya. Da yake babu mai karanta Turanci a cikinsu, suka roƙe shi ya tsara littattafai da takardu. Kwana huɗu ya yi shi kaɗai a gidan yana cika kwalaye. Hotunan jiragen wani mai gwanjo ya kwasa. Littattafan rubutu guda shida da suka cika, da wasiƙun Maura tara, ya ɗaure su ya aika wa Orla, tare da 'yar takarda yana bayyana mata cewa abin da ke cikin baƙin biro shi ne gaskiya. Ta amsa da godiya, ta ce 'ya'yanta na karantawa. Daga nan ba su sake rubuta wa juna ba.

Safiyoyinsa suka zama fanko. Ya rasa inda zai kai su, sai ya kai su ɗakin karatu. Babin da ya gagare shi shekara uku ya gama shi a wata biyar, ba don wani haske ya sauko masa ba, sai don babu sauran inda ake jiransa da ƙarfe tara. Aka sa masa ranar kare risala a watan Afrilun 2015.

Zauren na ɗaukar mutum ɗari biyu. Waɗanda suka zo ba su kai goma sha biyar ba, yawancinsu ɗalibai ne masu son ganin yadda ake yi. Ana gab da farawa sai ga Ammu Husaini cikin farar jallabiya da rawani, ya tsallako gari tun daga Mohandessin. Ya zauna a layin ƙarshe, kafin malami na biyu ya fara tambayoyinsa barci ya kwashe shi, bai farka ba sai da aka tashi ana tafi. A waje ya rungume Rilwanu, ya ce masa mabruk ya duktur, wato barka dokta, duk da ba digirin dokta ba ne. Ya ce benen yanzu wani kamfani ya kama hawa na uku, sun fasa bangon falo. Sannan ya ciro wata leda daga aljihun jallabiyarsa ya danƙa masa.

"Daga Aswan. Ka kai wa iyali, babu irinsa a ƙasarku."

Rilwanu ya buɗe ya leƙa. Zoɓo ne busasshe, irin wanda ake aunawa a kwano a kowace kasuwar ƙauye daga Funtuwa har Katsina. Ya yi godiya sosai, ya raka dattijon har ya ga ya samu wurin zama a bas. Ranar Alhamis da zai tashi zuwa gida, kayansa suka yi nauyi a ma'auni, ya buɗe akwati a tsakiyar filin jirgi ya cire ƙamus guda da tsofaffin riguna biyu ya bar su kan benci, ya mayar da ledar zoɓon ya rufe.